Ranar da Mai Katako Ya Sake Wasa Zarto

Akwai wani mutum da ya sauka a wani gari yana saurayi. Daga wata ƙasa mai nisa ya fito, ƙasar da ruwan sama ba ya yi mata rowa. Kayansa duka jaka ce ɗaya da dogon zarto naɗe cikin buhu. Harshen garin ma bai iya ba. In zai sayi abu nuni yake da yatsa, masu kanti suna dariya.

Da yanka wa wasu gungume ya fara. Ya iya aikin, kuma ba ya ƙin rana. A hankali ya kafa rumfarsa, ya sayi injin yanka, ya sayi motar ɗaukar gungume. Ya auri 'yar garin, suka haifi 'ya'ya. Kowa ya san shi da Mai Katako. Duk rufin da ke tsohuwar unguwa, in ka ɗaga kai, katakonsa ne.

Katakon nan daga dajin da ke saman rafi yake fitowa. Dajin ya yi ta raguwa, ba wanda ya damu, domin kowa yana cin moriyarsa.

Wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi. Babu sauran itacen da zai tare shi, sai ya gangaro da laka da duwatsu, ya tsaga kwazazzabo a tsakiyar unguwar ƙasa, ya kwashe ɗakunan mutane. Da aka ɗauke ruwan, Mai Katako ya hau tudu ya tsaya cikin kututturai. Ya san kowannensu, domin shi ya sa aka kayar da su.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya sayar da injin, ya rataye tsohon zartonsa a bangon zaure, ya tara mutane suka kafa ƙungiyar kare daji da rafi. Suka naɗa shi shugaba. Dokar farko da ya kawo ita ce kada a ƙara sa gatari ga itacen da ke bakin rafi, ko na waye.

A shekarar ce mahaifinsa ya rasu. Ya je gida, ya dawo da iri cikin gwangwanin madara, irin wani itace da ke bayan gidansu. Itace ne dogo, miƙaƙƙe, ganyensa na ƙamshi in an murza. Ya rene shi cikin ledoji, aka dasa shi layi-layi daga tudu har bakin ruwa.

Itacen ya yi saurin girma kamar ana ja. Ƙasa ta daina zaizayewa, kwazazzabon ya tsaya inda yake. Baƙi suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa suna ɗaukar hoto. Aka ba shi takardar yabo, matarsa ta sa a gilashi. Shi kuwa kullum da yamma sai ya je ya zauna a gindinsu, ya murza ganye a tafin hannu, ya rufe ido. Wurin nan ne kaɗai a garin yake jin ƙamshin gidansu.

Haka aka tafi har gemunsa ya yi fari.

Sai rijiyoyin 'yan lambu suka fara ja da baya. Da can rafin yakan kai ƙarshen rani yana gudu, ko da siriri ne. Yanzu tun tsakiyar rani sai yashi. Aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa. Shukar lambu ta riƙa ƙonewa tun ba ta kai kasuwa ba.

Idan ruwa ya ƙare a gari, ba a daɗewa ake samun wanda za a nuna. Wanda aka nuna shi ne Mai Bulo. Bai jima da zuwa garin ba, ya kafa wurin buga bulo a gefen rafi, yana da injin jan ruwa mai ƙara. Ga shi da baki kamar reza, bai iya gaisuwa ba, bai iya ba da haƙuri ba. Ƙungiya ta yanke cewa a taron gari mai zuwa za a nemi hukuma ta rufe wurinsa. Abin da ya rage kawai shugaba ya tashi ya faɗa, domin maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Ana saura 'yan kwanaki taron, yayarsa ta kira shi daga ƙasarsu. Ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya yi nauyi, don haka ihu take a waya. Har yau Auta take ce masa.

"Auta! Kana ci kuwa? Muryarka kamar ta mai yunwa."

"Ina ci, Yaya. Ya ƙafa?"

"Ƙafa ta ƙi. Jikokina sun gina mini ɗaki a bayan gida, ba hawa ba sauka. Ka zo ka gani kafin a fitar da ni daga cikinsa."

"A bayan gida? A cikin fadama za su gina miki ɗaki?"

"Wace fadama? Kai Auta, fadamar da ta bushe tun ina da haƙora? Ba don haka Baba ya dasa itatuwan nan ba? Cewa ya yi su shanye ruwan, sauro ya bar mu mu yi barci. Sun kuwa shanye shi tas. Lokacin kai kana yawo ba wando, ina za ka sani."

Mai Katako ya juya ya dubi wajen rafi.

"Auta? Layin ne ya yanke, ko kai ma ka kurumce?"

"Ina jin ki, Yaya."

Washegari ya ɗauki adda da fartanya ya tafi bakin rafi. Ya tona gindin itace ɗaya. Saiwoyin sun miƙe kamar igiyoyi, dukansu sun nufi wajen ruwa. Ya sari wani da iska ta kayar, ya taɓa cikinsa, jiƙe yake sharkaf a tsakiyar rani. Ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke kusa da layin itatuwansa su ne suka fara ƙafewa. Sannan ya tsaya ya dubi wurin Mai Bulo. A ƙasa da lambuna yake. Ruwan da injinsa ke ja ya riga ya wuce rijiyoyin.

Wannan ba abu ne ɓoyayye ba. Kowa yana wucewa ta nan. Amma injin yana da ƙara, itace kuwa shiru yake sha.

Ya zauna a kan gungumen ya daɗe. Ya tuna inuwar itacen, ya tuna ƙamshinsa, ya tuna mahaifinsa a gindinsa. Abu ɗaya ne bai taɓa tambaya ba: wane aiki itacen yake yi a gidansu.

Mutum na farko da Mai Katako ya gaya wa shi ne sakataren ƙungiya. Mutum ne mai tsafta, kullum da biro a aljihu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tashi ya tura ƙofar ofis.

"Shugaba, wa ka gaya wa ban da ni?"

"Ba kowa."

"To a bar shi haka. Itatuwan nan su ne fuskar ƙungiya. In ka ce su ne ɓarayin ruwa, wa zai ƙara sauraronmu? Gobe kowa zai ɗauki gatari ya ce shi ma ceton rafi yake."

"Shi kuma Mai Bulo fa?"

"Ya koma wani wuri mana. Ai ba namu ba ne."

"Ni naku ne?"

Sakatare ya yi dariya. "Haba Shugaba. Kai ai ka zama ɗan gida."

Mai Katako ya lura da kalmar. Zama ya yi. Abin da aka zama kuwa ana iya warware shi.

Daga nan ya bi ta wurin Mai Bulo. Ya tarar da shi cikin ƙurar siminti, yana yi wa ma'aikatansa faɗa. Magidanta ne, kowannensu da bakunan da yake ciyarwa.

"Sannu da aiki," in ji Mai Katako.

"Ka zo auna filin da za ka dasa in an kore ni? Ka bari in kwashe kayana tukuna."

"Gaisuwa na zo yi."

"Riƙe gaisuwarka, tsoho. Ka aske musu daji ƙwal, ka ci ka ƙoshi, sannan ka tuba ka zama waliyyi. Ni da na zo da yunwata ni ne ɓarawo. Kai ma da jaka ka zo, an gaya mini. Wanda ya haye ne ke cewa ruwan ba zurfi."

Ya juya masa baya ya ci gaba da faɗansa.

A hanyar gida zuciyar Mai Katako ta riƙa ce masa: ga mutumin da za ka zubar da mutuncinka dominsa. Ko ruwan sha bai ba ka ba.

Kwana biyu matarsa tana ɗauke kwanon abinci kamar yadda ta ajiye. A na ukun ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, ko dai gishirina ne ya canja, ko kai ne. Faɗa mini."

Ya faɗa mata duka.

Ta murza bakin zanenta. "Ka san shekarun da ka yi kafin 'yan'uwana su daina gyara maka magana a gaban mutane? Ka san abin da aka ce mini ranar da na ce kai zan aura? Yanzu da ƙyar muka zauna daidai. 'Ya'yanmu a nan za su rayu, ba a ƙasarku ba."

"Na sani."

"In ka faɗa, ba za su ce tsoho ya yi kuskure ba. Cewa za su yi baƙo ya cuce su."

"Na sani."

"Kai komai ka sani." Ta tashi ta ɗauki kwanon, ta kai ƙofa, ta tsaya. "Amma in ka yi shiru, ni ce zan zauna da kai a ɗakin nan, kuma na ga irin zaman da za mu yi. Gara zagin gari da wannan. Ka faɗa musu, ka dawo ka ci abincina."

A ajin makarantar firamare aka yi taron. Manya sun matse kan bencin yara, gwiwoyi sun tokare tebur. Zafi ya cika ɗakin. Mai Bulo yana tsaye a baya, ya harɗe hannu. A gaba Goggo ce zaune, shugabar mata 'yan lambu, wadda ta fi kowa tsayawa wa ƙungiya tun ranar farko.

Sakatare ya gabatar da shugaba. Mai Katako ya tashi yana dafa tebur.

"Jama'a, an ce in nemi a rufe wurin Mai Bulo. Ba zan nema ba. Ba shi ya shanye rafi ba. Itatuwana ne."

Ya ba su labarin wayar yayarsa, da saiwoyin, da rijiyoyin da suka fara ƙafewa. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. Ya ce, "A ƙasarmu ruwa ne ya yi yawa, ana dasa itacen nan don ya rage shi. Ni na kawo shi inda ruwa bai isa ba. Ƙamshinsa na tuna, ban tambayi aikinsa ba."

Ɗaki ya kaure. Wani ya yi ihu daga taga, "Da fari ya sayar mana da daji, yanzu ya shanye mana rafi! Saura iska!" Wasu suka yi dariya, dariyar da ba daɗi a cikinta.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Sai da aka lafa ta ce, "Shugaba, ka tuna lokacin da itatuwan nan suke ƙanana? A kaina na riƙa ɗauko ruwa daga rijiyata ina ba su, safe da yamma, don ka ce su ne gatan jikokinmu. Ɗana ya bar lambu ya tafi birni bara, ya ce ba zai noma ƙura ba. Ashe da hannuna na shayar da abin da ya kore shi."

Mai Katako ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Haka ne, Goggo."

Ta ɗaura gyalenta ta fita.

A zaman nan aka sauke shi. Kafin a tashi ya roƙi abu ɗaya: a ba shi izinin karya dokar da shi ya kafa, ya sare itatuwan. Ya ce ba gaba ɗaya ba, kada kwazazzabo ya farka. Layi ɗaya za a cire, a dasa itatuwan ƙasar nan a gurbinsa, a jira su kama, sannan a cire na gaba. Aka ce ya je ya yi, tunda shi ya ɗaura shi zai kwance. Ba wanda ya ce zai taya shi.

Da safe ya sauko da zarto daga bangon zaure. Zarton ya yi tsatsa. Ya zauna a ƙofar gida ya wasa haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, mutane na wucewa ba sallama.

Zarton na mutum biyu ne, kowa ya riƙe gefe ɗaya. Matarsa ta bi shi bakin rafi ta kama ɗaya gefen. Tsoho da tsohuwa suna ja suna haki, zarto yana lanƙwasa yana kuka, har rana ta take ba su ci rabin gindi ɗaya ba.

"Da na san wannan ne auren baƙo," in ji ta tana share gumi, "da na auri mai gyaran keke."

Sai ga Mai Bulo ya hauro, fuska a murtuke.

"Inna, matsa. Kukan zarton nan ya hana ni jin injina." Ya karɓi gefenta. Ya dubi Mai Katako. "Kada ka ɗauka godiya na zo yi. Ja, tsoho. Wai kai ne gwanin katako."

Suka ja. Da itacen farko ya faɗi, ƙamshin ganyensa ya cika wurin. Mai Katako ya juya baya ya daɗe yana kallon tudu.

Aikin ya ci shekaru. Kututturan ba su yarda da mutuwa ba, kowace damina sai su tofo, sai an koma an fasa su. Itatuwan ƙasar kuwa ba sa gaggawa. Katakon da aka samu aka yi wa makaranta sabon rufi da shi, aka yi wa rijiyoyi murfi. Ranin farko ruwa bai dawo ba. Na biyu ma haka. A kasuwa aka riƙa cewa tsohon ya rasa inuwa ya rasa ruwa. Bayansa ya riƙe, har ya zamana sai dai a ɗauke shi a gaban motar Mai Bulo ya zauna yana nuna inda za a sara.

Wurin Mai Bulo ba a rufe shi ba. Ma'aikatansa ne suka ƙarasa layukan ƙarshe.

Labari ya kai garuruwan da ke bin rafin, waɗanda da yawansu sun karɓi irin itacen daga hannunsa lokacin da ake yabonsa. Suka fara aiko da mutane. Ba hoto suke zuwa ɗauka ba yanzu, shawara suke nema. Da suka haɗa ƙungiyoyinsu wuri ɗaya, shi suka ce ya jagorance su. Ya ce ya gaji, ba ya iya tsayuwa. Suka ce a zaune ma ya isa, domin mutumin da ya sare nasa ba zai yi musu ƙarya a kan nasu ba.

Goggo dai ba ta ƙara yi masa magana ba. In sun haɗu a hanya sai ta duba gefe.

Wata rana a ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, yana kishingiɗe a ɗaki ya ji sallama a tsakar gida. Ya gane muryar. Da matarsa take magana, amma da ƙarfi, yadda za ta ratsa labule.

"Ki gaya wa mijinki rijiyata ta kai ƙarshen rani. Ba ta cika ba, kada ya yi murna da yawa. Amma guga yana taɓa ruwa. Na aika wa ɗana."

Mai Katako ya yi gyaran murya. Ya ce wa matarsa ta bayan labule, "Ki tambaye ta ko ruwan ya washe, ko da sauran laka."

"Ka fito ka tambaye ni da kanka," in ji Goggo. "Kunnena bai mutu ba."

Ya dafa bango, ya sa hannu ɗaya a baya, ya miƙe a hankali. Ya ɗauki lokaci kafin ya kai ƙofa. Ta jira shi.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta hana abu yin ɓarna, don haka kafin ka kawo wa mutane abin da ya yi maka daɗi a gidanku, ka tambayi aikin da yake yi a can. In kuwa ka gano kai ne sanadin ciwon, kada ka bari a ɗora wa wani don bakinsa ba shi da daɗi ko don ba shi da kowa. Faɗin gaskiya a kan kai yana rage girma na ɗan lokaci, amma shi ne ke sa a yarda da mutum har ƙarshen ransa. Jama'ar wannan shafi, ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda Allah ya ɗora a kan mutane.